Kuɗin Shara Ba Albashi Ba Ne

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sauke ku Damagaram lami lafiya. Na ba uwarka ita ta sa maka cikin ledar dabino, don na san nan hannunka zai fara shiga. Ka karanta ta kafin ku wuce Mirya. Kada ka bari sai ka sauka, domin abin da nake son ka yi, ranar farko ake yin sa, in ta wuce ya yi wuya.

Kai ne ɗan fari, ka san bakina bai saba da doguwar magana da kai ba. Ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, tunda na mahaifina ne. Da zan iya, da na zaunar da kai a zaure na faɗa maka. Ban iya ba, shi ya sa na nemi biro.

Shekaranjiya da Mustafa ɗan Alhaji Bukar ya zo gidanmu da dattawa a kan zai tafi da kai sabon gidan burodin da ya buɗe a Damagaram, ka tuna ɗaya daga cikin dattawan ya tambaya nawa za a riƙa ba ka a wata. Mustafa ya kaɗa makullin motarsa ya ce, "Haba Baba, albashi kuma? Abba ai ɗan gida ne. Ɗan bawan tsohona ne, gado na ci." Kowa ya yi dariya. Kai ma ka sunkuyar da kai kana sosa ƙeya, ka yi taka. Wannan dariyar na san ta, Abba, tawa ce. Ita na yi tun ina saurayi har gemuna ya yi fari, kuma da na gan ta a bakinka raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa cin tuwon ranar.

Ka san ni da Alhaji Bukar taubasai ne. Mahaifinsa wan mahaifiyata ne, shi ɗan namiji, ni ɗan mace. A wasan da muka gada shi ne ubangida ni ne bawa, kuma duk watan cika-ciki sai ya ba ni kuɗin shara. Ba ni da faɗa da wannan wasa. Muna yara ya sa mu dariya, ya kashe rigingimu da yawa a dangi. Abin da ban gane da wuri ba shi ne mutum na iya ɗaukar wasa ya mayar da shi ƙofar da yake rufewa duk lokacin da aka zo masa da maganar haƙƙi.

Ranar da ya gina tanderunsa na farko a nan Gure ya aiko aka kira ni. Ya ce, bawa, zo ka hura wa ubangidanka wuta. Na tafi da murna. Ban tambayi nawa ba. Na ga kamar rashin kunya ne in tsaya ciniki da ɗan kawuna, na ce ai ba zai cuce ni ba. Ƙarshen wata ya zo ya dunƙula wani abu ya cusa mini a aljihu, ban ma duba a gabansa ba. Tun daga nan albashina ya zama abin da hannunsa ya ga damar dunƙulawa. Wani watan ya yi kauri, wani watan ya rame, ni kuwa ba ni da bakin cewa ya ragu, tunda ba a taɓa faɗin yawansa ba. Don haka kada ka kunce jakarka, kada ka taɓa fulawa, sai an faɗi adadin da baki. Kunyar ranar farko ta minti kaɗan ce. Tawa da na guje mata, ita ta bi ni shekara da shekaru.

Kuma kada ka ce Alhaji marowaci ne, ba haka ba ne, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Da Sallah shadda, da suna rago, ranar da ƙanwarka ta kwanta asibiti shi ya karɓi takardar magani ya biya. Amma duk wannan a gaban mutane ake yin sa. Shaddar a ƙofar masallaci ake miƙo ta, ragon sai an zagaya da shi ta bakin kasuwa. Garin nan kaf ya san Alhaji Bukar na riƙe da ubanka Ari da iyalinsa. Babu wanda ya san Ari ne ke riƙe da tanderun Alhaji, gashin hannunsa ya ƙone har ya daina fitowa. Da an biya ni abin da aikina ya kai, da ni zan sayi shaddata, in zaɓi launin da nake so, in sa ba tare da na yi wa kowa godiya ba. Kyauta ka yi godiya, daidai ne. Amma in ka ga kyauta ta zo ta zauna a kujerar albashi, ka san guminka ne aka naɗe a leda aka miƙo maka, kuma ana jiran ka durƙusa.

Na sha gwada magana, kada ka ɗauka ban gwada ba. Sai in shirya tun daga gida, in tarar da shi a ƙofar mangaza, ɗakin ajiyar fulawa, in ce Alhaji akwai ƴar magana. Da ya ga fuskata sai ya ɗaga murya yadda masu ɗaukar burodi za su ji, ya ce jama'a ku zo ku ga ikon Allah, bawa zai yi wa ubangidansa lissafi. Sai a fashe da dariya. To taubashi in ya tsokane ka, ramawa ake yi, ba a fushi. Sai in rama, in ce ubangidan da ba ya iya bambanta gishiri da yis, a ƙara wata dariyar, ya dafa kafaɗata, ya shiga mota. In dawo gida uwarka ta dube ni, in ce mata ba mu samu zama ba. Kuskurena shi ne ramawar nan. Duk ranar da na rama, na sa hannu ke nan a kan cewa maganar wasa ce.

Sai ga shekarar da gwamnati ta ƙara simig, wato mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a ba ma'aikaci. A rediyon mai shayin bakin tasha muka ji. Abba, na yi murna irin ta yaro. Na ce yau dai ba ni zan yi magana ba, doka ta yi mini. Gidan burodin Alhaji ba na ɓoye ba ne, yana da takardu, yana biyan lanho, wato haraji, manyan wurare na karɓar burodinsa, ba yadda za a ce dokar ba ta hau kansa ba. Na dawo gida na ce wa uwarka ta fara tambayar kuɗin kwano, bana za mu rufe ɗakin nan da ke yoyo. Kai ma kana nan, ka ji ni.

Ƙarin bai iso aljihunmu ba, amma ya iso kasuwa. Mai shinkafa ya ji rediyo, mai mai ya ji, mai gidan hayar da abokan aikina ke zaune ya ji. Kowa ka yi wa ƙorafi sai ya ce ai an ƙara muku. Wa ya ƙara mana? Waɗanda suka sa hannu suna can Yamai, babban birni, cikin sanyin na'ura, sun faɗa sun tashi, babu wanda ya biyo hanyar nan ya leƙa ya ga ko maganar ta sauka. An ce akwai inda ake kai ƙara. To wa zai tashi daga Gure ya kai ƙarar ɗan kawunsa, ya dawo ya haɗa sahu da shi a jana'izar dangi? Masu rubuta doka sun rubuta ta ne don baƙo da baƙo. Mu nan kusan kowa ɗan'uwan wani yake yi wa aiki. Ka riƙe wannan: doka na ba ka ƙafar tsayawa, amma ba ta buɗe maka baki. Kuma kada ka sake ka yi wa iyali alkawari da kuɗin da ka ji a rediyo.

Abin da Alhaji ya yi kuwa, ga shi. Ya rage girman burodi, ya bar kuɗinsa yadda yake. Ya tara ma'aikata ya ce daga yau babu ɗan wata, kowa ɗan yini ne, ranar da aka yi aiki a biya, ranar da babu fulawa kowa ya zauna gidansa. Sannan ya sallami Isuhu, mutumin Bune, wanda ke kwaɓa tare da ni tun kana rarrafe. Laifin Isuhu ɗaya ne, shi ya tambaya a gaban kowa ko ƙarin ya shafe mu. Shi ba taubashin kowa ba ne, babu wasan da za a rufe masa baki da shi, sai aka nuna masa ƙofa. Aikin mutum biyu ya dawo kaina. Na yi shiru, ina ganin ni dangi ne, wutar ba za ta iso ni ba. Da zai tafi ya tsaya bakin tanderu da ƙullin kayansa ya ce, "Ari, ni an kore ni da hushi, kai ana korar ka da dariya kullum, ba ka sani ba." Na ji haushinsa a lokacin. In ka ga an taɓa na kusa da kai don ya tambayi haƙƙinsa, kada ka ce ba ruwanka, tambayarka ya yi.

Ba na son ka tafi da tunanin duk mai gidan aiki azzalumi ne. Na san abin da buhun fulawa ya zama tun da hanyoyin kaya suka rikice, na san kuɗin itace, na san mutanen Gure in ka ƙara wa burodi ko dala sai su koma ƙosai da koko. Ƙarin albashi nauyi ne na gaske a kan mai ƙaramar sana'a, wasu ya durƙusar da su. Malam Sani mai ƙaramin tanderun bayan kasuwa ya tara yaransa ya buɗe musu komai, ga abin da ke shigowa, ga abin da ke fita. Ya ce ba zai iya biyan sabon albashi a kan aikin yini guda ba, amma zai biya daidai a kan rabin yini, kowa ya tashi da hantsi ya nemi wani abin. Biyu suka zauna, ɗaya ya tafi, kuma har yau suna gaisawa. Wannan mutum ya ɗauki ma'aikatansa manya. Da Alhaji ya zaunar da ni ya ce Ari ba zan iya ba, wallahi da na ɗaura ɗamara mun ja tare. Amma a shekarar da ya ce babu, a shekarar ya sayi filin da Mustafa ya gina tanderun da za ka. Ban ce kada ya saya ba. Na ce kada ya saya da bayana sannan ya ce in yi dariya.

Sauran labarin ka ji shi a bakin mutane, kowa da irin gishirin da ya sa. Ga yadda ya faru. Watan cika-ciki ya kama, ranar da ake ba da kuɗin shara. Da hantsi na ɗauki tsintsiyar uwarka na nufi ƙofar gidan Alhaji. Yana zaune kan tabarma da mutanensa ana shan shayi. Ka san a wasan nan ba a yin sharar gaske, suna ne kawai, a tsokani juna a miƙa kuɗi. Ni kuwa na naɗe riga na duƙa na fara daga bakin zaure. Suka yi ta dariya, wani na cewa yau bawa ya tuna aikinsa. Na share gaban tabarma, na share gindin bishiyar bedi, na kwashe kashin awaki, na kai har bakin titi. Da sharar ta yi tsawo dariyar ta fara raguwa. Na gama na tsaya a gabansa da ƙura har gira.

Ya zaro sabuwar takardar kuɗi ya ɗaga yadda kowa zai gani, ya ce bawan kirki ya ci ladansa. Na karɓa da hannu biyu na sa aljihu. Na ce, "Alhaji, wannan na shara ne, na karɓa, gadona ne. Saura na tanderu."

Ya yi dariya ya waiwayi mutanensa, ya ce ku ji bawa da son kuɗi. Babu wanda ya taya shi. Ni ma ban rama ba, na tsaya ina dubansa. Sai na ga fuskar da ban taɓa gani ba tun muna yara. Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ari, in ka gaji ka tahi ka huta." Karon farko ke nan da ya kira sunana a kan maganar aiki, kuma da shi ya sallame ni.

Ban yi nadamar maganar ba. Abin da na yi kuskure shi ne lokacinta. Maganar da ya kamata in faɗa a hankali ina saurayi, mu biyu a cikin mangaza, na bar ta ta taru har ta fito a bainar jama'a da tsintsiya a hannu. Na kunyata shi, shi kuma mutum ne da ba ya yafe kunya. Dangi suka rabu biyu, gwaggwanninka suka daina shigowa gidanmu, aka ce na ci amanar wasa, na tozarta mai riƙona. Uwarka ta sha kuka a ɓoye. Ni kuma da furfurata na koma kwari ina koyon ban ruwan albasa da kabeji wurin yaran da na girme wa iyayensu. Haƙƙin da aka nema da wuri tambaya ce. In aka bar shi ya tsufa sai ya zama faɗa.

Yanzu ka gane me tafiyarka take. Alhaji ba zai ce ya yi kuskure ba, ni ma ba zan je in ba da haƙuri a kan gumina ba. Sai dattawa suka nemo hanyar ɗinke dangi, hanyar kuwa kai ne. A ɗauki ɗan Ari aiki, kowa ya ce Alhaji ya yi halin girma. Uwarka ta yi farin ciki, kuma ba na ganin laifinta, ta gaji da gaba. Ni ma ban hana ba, don kana da hannun aiki, ka fi ni iya kwaɓi, kuma Gure ta yi maka kaɗan. Amma ban yarda a ɗinke dangi da fatar bayanka ba.

Ga abin da nake so. In kun sauka ka gaida Mustafa da ladabi, yayanka ne, ka ci abincinsa, ka yi salla. Kafin a nuna maka tanderu ka ce kana da magana, kuma ka nemi mutum ɗaya ya zauna, wanda ba danginmu ba ne. Ka tambaye shi nawa ne a wata, ranar nawa ga wata, awa nawa ne aikin, kuma kwana da abinci a ciki suke ko a waje. Ka ce kada ya gaza abin da doka ta yanka, kuma a rubuta. Muryarka ƙasa, ba fushi, ba gatse. Zai yi wasan, na san gidansu. Zai ce ɗan bawa ya zo da boko. Kada ka rama, kada ka sosa ƙeya, kada ka taya shi ko da murmushi. Ka bar shi ya gama dariyarsa shi kaɗai, sannan ka sake tambaya kamar ba ka ji ba. Wannan shirun yana da nauyi, na sani, zai yi maka kamar shekara. Ka daure.

In ya dube ka ya ce gaskiya sabon wuri ne, ga abin da zan iya yanzu, ga lokacin da zan cika, to ya ɗauke ka mutum. Ka auna da kanka, in ka zauna ka yi masa aiki tsakani da Allah, kada ka saci ko gutsuren burodi, kada ka yi ha'incin awo, ka riga kowa zuwa. Wanda ya nemi a faɗa masa albashinsa dole aikinsa ya fi na kowa tsabta. In kuwa ka tambaya sau biyu ya amsa da wasa sau biyu, ka ɗauki jakarka ka koma tasha. Kada ka tsaya tunanin me dangi za su ce, sun riga sun faɗe shi a kaina, bai kashe ni ba. Akwai wasu tanderun a Damagaram, in babu, rijiyar kwari na da wurin guga biyu.

Wata rana kai ma kana iya zama mai tanderu. In Allah Ya kai ka, kada ka kira kowa ɗan gida sai ka biya shi kamar baƙo. Bayan nan ka yi masa duk alherin da kake so, ka yi wasa da shi har ku faɗi ƙasa.

Tsintsiyar nan tana bayan ƙofar ɗakina. Uwarka ta ƙi sake shara da ita, ni kuma na hana a jefar. Mustafa ya ce ya ci gadonka. Bai ci ba. Ni ne ɗan mace, a kaina wasan ya tsaya, kuma na je na share ƙofarsu da hannuna tun daga zaure har titi, na share ta tas, an biya ni. Babu sauran sharar da ta rage maka a gidan nan, Abba. Kai ma'aikaci za ka.

Uwarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka in ka fito daga zafin tanderu. Ƙannenka na gaishe ka. Ka riƙe salla a kan lokaci. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka haƙƙinka cikin mutunci, Ya hana ka cin na wani, Ya dawo mana da kai lafiya ko da wace amsa ka samu.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ari
Gure